Wanda Aka Taɓa Yi Wa Gashi a Wuya, Kada Ya Yar da Katinsa na Asibiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan abin da ya hana ni barci tun makon jiya. Ni malamin firamare ne, na yi shekara 35 ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, ina zaune a Ƙofar Gayan cikin birnin Zariya. Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa na koye shi ne a kan bencin asibiti, daga bakin likitocin da suka yi haƙurin amsa tambayoyina, da kuma karatun da na dage na yi bayan abin ya faɗo a cikin gidana.

Ranar Laraba bayan isha'i wani maƙwabcina ya ja ni gefe a ƙofar masallaci. Ƙaninsa, magidanci ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mai sayar da hatsi, ya daɗe yana fama da toshewar hanci da haɓo, kunnensa ɗaya ya daina ji sosai, sannan kaluluwa ta fito masa a gefen wuya. An yanko ɗan nama an gwada, an ce ciwon daji ne a bayan hanci, kuma likitoci sun ce sai an yi gashi, wato a riƙa haska wurin ciwon da injin asibiti. Dangi sun taru sun ce ba su yarda ba. Da na tambayi dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, da 'yarka suka kafa hujja. Sun ce gashin da aka yi mata tana yarinya shi ne ya jawo mata wata kansar." Jikina ya yi sanyi. Ashe labarin gidana yana yawo a unguwa da rabinsa kawai, kuma wannan rabin yana neman ya kashe bawan Allah.

To bari in ba da shi cikakke, da iznin ita mai labarin da mijinta. Ba zan kama sunanta ba, 'yar fari ce.

Tana aji huɗu, shekararta tara, kaluluwa ta fito mata a wuya ta hagu. Ba zafi, ba ja, sai dai girma. Ta rame, da dare kuma gumi ya jiƙa zanen da ta lulluɓa da shi ko da sanyin hunturu ne. Bayan yawon kemis da jiƙe-jiƙe, aka gano ciwon dajin kaluluwa ne, irin wanda ake kira Hojkin. Aka yi mata ƙarin ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, na watanni, sumarta ta zube, daga baya aka ce za a gama da gashi a wuya da saman ƙirji. Har yau ina ganin layukan da suka zana mata da tawada a fata don injin ya riƙa faɗawa wuri ɗaya kullum. Sun ce kada ruwa ya goge su. Uwarta takan zaunar da ita a kan turmi da aka kifa, ta jiƙa tsumma ta riƙa share jikinta tana kewaye layin kamar mai zanen lalle. Daga Litinin zuwa Juma'a muke zuwa. A kwantar da ita, kowa ya fita, a rufe wata ƙofa mai kauri, 'yan mintoci kaɗan a buɗe. Ba ta jin zafin komai a lokacin, sai a mako na uku fatar wuyan ta yi baƙi, haɗiya ta yi wuya, ta koma kunu da fura mai ruwa-ruwa.

Ta warke. Ina so duk mai karanta wannan wasiƙa ya riƙe wannan da kyau: ta warke, ta gama sakandare, ta yi NCE, ta yi aure, ta haihu. Yaran da muka yi zaman layi da iyayensu, waɗanda aka janye su aka koma gida saboda tsoro ko rashin kuɗi, na je ta'aziyyar wasu daga cikinsu.

Laifina ya fara ne daga nan. Likitan da ya sallame mu ya ce mu riƙa kawo ta ana dubawa, kuma ya ce ko ta girma. Mun yi shekara biyar muna zuwa, kullum a ce lafiya lau, sai na ga kamar ɓata kuɗin mota ne. Muka daina. Takardunta duka na zuba su a adaka tare da tsofaffin littattafaina na kwaleji. Wata damina katangar ɗakin ta jiƙe, gara ta shiga, da na buɗe sai ƙasa da guntayen takarda. Ban damu ba, har ma na ji kamar Allah ne ya shafe mana wannan babi. Da aka zo maganar aurenta, ni da uwarta muka yi shawara muka ce kada a gaya wa dangin miji, don mun san yadda mutane suke: da sun ji kalmar kansa sai a fasa. Ita ma yarinyar ba mu taɓa zaunar da ita mun yi mata bayani ba. Abin da ta sani shi ne ta yi wata doguwar jinya tana ƙarama.

Shekara goma sha tara bayan gashin, ta zo gida wankan jego na haihuwarta ta biyu. Wata safiya tana shan kunun kanwa, uwarta na zaune a gabanta, sai ta ga wani ɗan ƙululu kamar ƙwallon dabino a gaban wuyanta yana hawa yana sauka duk sanda ta haɗiya. Ta kira ni na duba. Na ce maƙoƙo ne, ai mata kan yi shi bayan haihuwa, a sayo gishiri mai aidin. Wallahi a raina na tuna da gashin, amma na kore tunanin saboda ba na so ya zama gaskiya. Wata takwas muka yi a haka. Sai da muryarta ta fara dishewa ba mura ba tari sannan mijinta ya kai ta asibiti, ni kuma na bi su.

Likitan yaro ne, sa'ar ɗalibaina. Ya tsaya a bayanta ya ɗora yatsu a wuyanta ya ce ta haɗiyi yawu. Ya duba fatar wurin, wadda ta ɗan fi sauran duhu da santsi, sai ya tambaye ta, "Hajiya, an taɓa yi miki gashi a wuya?" Ta ce ba ta sani ba. Mijin ya ce a'a, bai taɓa ji ba. Duk suka juyo suna kallona. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban surukina na faɗi abin da na ɓoye masa shekara shida. Likitan ya ce, "Baba, ina takardun? Wace shekara ce, kuma nawa aka ba ta?" Ba ni da ko lambar kati. Da ƙwaƙwalwar tsoho aka yi aiki ranar nan.

Aka yi sikanin na wuya, aka sa siririyar allura aka tsotso ɗan abin da ke cikin ƙululun aka kai gwaji. Ciwon daji ne na tayirod, wato wani ɗan nama mai siffar malam-buɗe-littafi da ke kwance a gaban wuya ƙarƙashin zakaran wuya, wanda shi ne ke kumbura ya zama maƙoƙo. Irin nata ana kiransa fafilari. Shi ne aka fi samu bayan gashi, kuma cikin ikon Allah yana daga cikin ciwon dajin da suka fi jin magani. Aka yi tiyata aka cire tayirod ɗin gaba ɗaya da 'yan kaluluwar da ke kusa. Yanzu kullum da asuba tana shan ƙwaya ɗaya ta tayiroksin kafin ta ci komai, ita ce ke yin aikin naman da aka cire, kuma haka za ta yi har ƙarshen rayuwa. Da azumi takan tashi da wuri ta sha kafin sahur. Tana koyarwa, tana goyon yaranta. Surukina kuwa, Allah ya yi masa albarka, abin da ya ce mini kawai shi ne, "Baba, da kun gaya mini ai da ni zan riƙa kai ta dubawa tun tuni." Wannan magana ta fi zagi zafi a wurina.

Yadda abin yake faruwa, kamar yadda na fahimta, shi ne gashi ba wuta ba ce, duk da sunan da muka ba shi. Wani haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, yana ratsa jiki ya lalata rubutun da ke cikin ƙwayoyin ciwon, su kasa hayayyafa su mutu. Amma kafin ya kai ga ciwon dole ya bi ta lafiyayyen nama. Yawancin lafiyayyun ƙwayoyin sukan gyara kansu. Jefi-jefi sai ɗaya ta yi gyaran da kuskure. Duk malamin makaranta ya san wannan: yaro ɗaya ya kwafi darasi da kuskure, na kusa da shi ya kwafa daga littafinsa, kafin ƙarshen zango rabin aji sun ɗauka. Jikin yaro yana cikin girma, ana ta kwafa, shi ya sa haɗarin ya fi yawa ga wanda aka yi wa gashi yana ƙarami, musamman ƙasa da shekara biyar, ya riƙa raguwa da ƙaruwar shekaru. Wanda aka yi wa bayan ya zama cikakken mutum, haɗarin kansar tayirod a wurinsa kaɗan ne ƙwarai. Kuma abin ba ya bayyana da wuri. Yakan ɗauki shekara biyar zuwa goma kafin ya fara nunawa, yana kuma iya jira har shekara arba'in ko fiye. Wato daidai lokacin da muka daina zuwa asibiti, lokacin ne ya kamata mu fara sa ido.

Duniya ma da tsada ta koyi wannan. Daga wajen 1920 zuwa ƙarshen shekarun 1950, likitoci a Amurka da Turai sun riƙa yi wa yara gashi saboda abubuwan da ba su kai sun kawo ba: kumburin 'yan wuya, ƙurajen fuska na samartaka, tabon haihuwa, har da jarirai da ake zaton wani nama a ƙirjinsu ya yi girma. A 1950 wasu likitoci biyu a birnin New York suka lura cewa da yawa cikin yaran da ke zuwa da kansar tayirod an taɓa yi musu irin wannan gashi suna jarirai. A 1974 asibitin Michael Reese da ke Cikago ya shiga neman dubban mutanen da ya yi wa gashin 'yan wuya suna yara, yana kiran su su dawo a duba wuyansu, alhali sun zama iyaye.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na makero. Na yi shekaru ina ganin makero a kan ɗalibaina, farin tabo zagayayye, a bi layi a aske su da aska ɗaya ya ƙara yaɗuwa. Kafin a samo maganin sha, hanyar da ake bi a wasu ƙasashe ita ce a haska kan yaro da wannan haske har sumar ta zube duka, sannan a shafa magani. A Isra'ila tsakanin 1948 da 1960 an yi wa dubban yara haka, yawancinsu 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura daga Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Masu bincike sun bi diddigin sama da 10,000 daga cikinsu shekara da shekaru, suka tarar kansar tayirod ta ninka kusan sau huɗu a kan ta waɗanda ba a yi wa ba, ga ƙari a rufin ƙwaƙwalwa da kuma a jakar yawu. Hasken da ya kai wuyansu ɗan mitsitsi ne idan aka gwada da na maganin kansa, amma ya isa, saboda ƙanana ne. A 1994 ƙasar ta yi dokar biyan su diyya. Zuwan ƙwayar girisiyofulbin a ƙarshen shekarun 1950 ne ya kawo ƙarshen wannan al'ada, kuma har yau ita ake ba yaranmu. Babu wanda ake yi wa gashi saboda makero yanzu.

Haka da tashar nukiliya ta Canobil ta fashe a Yukren a 1986. Yaran da suka sha madarar shanun da suka ci ciyawar da ta gurɓata su ne abin ya fi shafa. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga sama da mutum 6,000 da suka kamu da kansar tayirod zuwa 2005 a Belarus da Yukren da wani yanki na Rasha, cikin waɗanda suke yara ko matasa a lokacin. Waɗanda ciwon ya kashe zuwa wannan shekara 15 ne. A dubi lambobin nan biyu tare. Ciwo ne na gaske, amma idan ana dubawa ana kama shi, kuma ana warkewa.

Yanzu ga dangin maƙwabcina da duk masu irin tunaninsu. 'Yan uwa, kada garin gudun gara a faɗa gidan zago. Ciwon dajin bayan hanci yana wurin da wuƙar tiyata ba ta kaiwa da sauƙi, gashi ne babban maganinsa a ko'ina a duniya, sau da yawa haɗe da kemo. Ana yin sa mako shida zuwa bakwai. Ciwon da ke jikin ɗan uwanku yau ne yake cin sa, ba zai jira shekara ashirin ba. Haɗarin wata kansa nan gaba ƙarami ne, mafi yawan waɗanda aka yi wa gashi ba sa taɓa samun ta, balle mai shekara hamsin. Da za a mayar da ni wancan lokaci a ce in sake sa hannu a yi wa 'yata gashi, wallahi da gudu zan sa. Abin da zan canza shi ne abin da na yi bayan nan. Mu mutanen Zazzau ma Allah ya yi mana gata, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana cikin 'yan tsirarun wuraren da ke da sashen gashi a ƙasar nan. Wasu daga jihohi masu nisa suke tasowa, su kwana a baranda, mu kuwa kuɗin a-daidaita ne tsakaninmu da shi.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ƙi ɗaukar hoton ƙirji ko na haƙori idan likita ya nema. Hasken hoton ƙirji ɗaya bai wuce abin da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kwana goma ba. Tsakaninsa da gashi akwai tazarar sama da ƙasa. Sikanin na masu ciki kuwa da sauti yake aiki, ba ruwansa da wannan haske.

Wanda aka riga aka yi wa gashi a kai ko wuya, ko aka yi wa ɗansa, ya je likita ya lallatsa wuyansa sau ɗaya a shekara ko yana jin lafiya ƙalau, a kuma ɗebi jini a yi gwajin da ake kira TSH. Wannan gwaji yana da muhimmanci domin abin da ya fi kansa yawan faruwa bayan gashin wuya shi ne tayirod ya yi rauni ya rage aiki. Mutum ya riƙa jin kasala, jin sanyi ana tsakiyar zafin bazara, ƙiba ba dalili, bushewar ciki da ta fata, mace al'adarta ta rikice. A gida sai a ce lalaci ne ko sanyin mata, alhali ƙwaya ɗaya a rana ke gyara shi. Idan ƙululu ya fito a gaban wuya, ko murya ta dishe ta wuce mako uku, ko haɗiya ta yi wuya, ko gyambo a baki ya ƙi warkewa, ko kumburi a gefen muƙamuƙi, ko ciwon kai mai naci da amai ko farfaɗiya ga wanda aka yi wa a ka, kada a jira. Yawancin ƙululun wuya ba kansa ba ne, amma ido ba ya rarrabewa, gishiri kuma ba ya warkar da wanda yake kansar ne. Yarinyar da gashin ya shafi ƙirjinta, kamar tawa, ana so a fara duba mamanta tun tana shekara 25, ko shekara takwas bayan gashin, duk wanda ya zo daga baya. Wannan ma sai a bara muka sani.

Akwai maganar haƙori da mutane ba sa ɗauka da nauyi. Gashi yana busar da yawu, bakin da ba yawu kuma haƙoransa na ruɓewa da sauri. Ƙashin muƙamuƙin da ya sha gashi jini ba ya isar sa kamar da, idan aka cire haƙori ba bisa ƙa'ida ba ramin na iya ƙin warkewa har ƙashin ya mutu. Don haka a ga likitan haƙori kafin a fara gashin, bayan an gama kuma kada a yarda masu cire haƙori na bakin kasuwa su taɓa bakin. Taba sigari, shisha, taba gari da giya kuwa, wanda ya sha gashi ya koma musu ya zuba fetur ne a wurin da aka kashe gobara jiya.

Roƙona ga hukumomin lafiya, da cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa da ke Abuja, da duk asibitocin da ke yin gashi, shi ne a riƙa ba kowane majinyaci takarda guda ɗaya ranar sallama, mai leda wadda ruwa ba ya ci, da Hausa da Turanci, in da hali har da ajami. A rubuta shekarar da aka yi, wurin da aka haska, adadin da aka bayar, da abin da za a riƙa dubawa. Mu kuma a ɗauke ta a hoto da waya a tura wa 'yan uwa biyu ko uku. Gidajen rediyonmu su kira likitocin wannan fanni su yi bayani da harshen da tsohuwa a ƙauye za ta gane, don kalmar gashi kaɗai tana korar mutane, suna zaton ƙona su za a yi.

Iyaye 'yan uwana, mu ne muka fi kowa nauyi a nan. Yaron da aka yi wa gashi yana shekara shida ba zai tuna ba. Idan muka mutu da sirrin, ranar da likita zai tambaye shi zai ce a'a da zuciya ɗaya, a ɗauki ƙululunsa a matsayin maƙoƙo irin na kowa. A zaunar da shi idan ya yi hankali a gaya masa. A gaya wa wanda zai aura. Kansa ba a ɗaukar ta ta cin abinci tare ko kwanciya ɗaki ɗaya, wanda aka yi wa irin wannan gashi kuma ba ya fitar da wani haske da zai cuci iyalinsa. Na san tsoron a fasa aure gaskiya ne, ni ma shi ya rufe mini baki, ga inda ya kai ni.

Jiya da la'asar na je gidan su mai hatsin. 'Yata ce ta ce sai ta bi ni. Ta shiga wurin mata ta ɗage mayafinta ta nuna musu tabon tiyatar, siririn layi a gindin wuya, ta ce musu, "Inna, da ba a yi mini gashin nan ba, da ba ku san ni ba balle ku ba da labarina." Ni kuma na zauna a zaure da yayyensa har aka kira magariba. Biyu sun sauko, babban wansu ya ce a ba shi kwana biyu ya yi shawara. Ranar Litinin ce aka ba su su koma asibiti, na kuma ce musu zan raka su. Na sayi jakar leda mai zif da zan ba shi ya riƙa zuba takardunsa.

Wassalam.

Wani uba,
Ƙofar Gayan, Zariya.